Ƙararrawar Gadon Ƙarshe

Gab da magariba Sista ta nufi sito ɗauko ledar ƙarin ruwa. Tun jiya take cikin fararen kayan nan, don nas ɗin da za ta canje ta ta ajiye aiki, hukumar asibiti kuwa ta yi kunnen uwar shegu. Ƙafafunta sun kumbura, kanta kamar ana daka. An daɗe da marasa lafiya suka koma lambar gado kawai a idonta.

A gadon ƙarshe akwai wata tsohuwa mai shanyewar ɓarin jiki, ana kiranta Baba. Baba ba ta gajiya da danna ƙararrawa: a juya ta, a ba ta ruwa, a sosa mata baya. Da la'asar Sista ta faki idonta, ta zare wayar ƙararrawar daga bango ta cusa bayan katifa. Ta san abin kunya ne, amma ta yi.

Tana cikin sito ƙararrawar ta kaɗa.

Ta tsaya cak. Ƙararrawar ta sake kaɗawa, sai aka amsa daga can ƙarshen ɗakin: "Ina zuwa, Baba."

Muryar ita Sista ce da kanta.

Fitilar baranda ta fara lumshewa. Ƙamshin maganin goge ƙasa ya ɗauke, wani wari irin na tsohuwar rijiya ya cika hanci. Ba ta jin komai sai ƙarar takalminta. Ta isa gadon, ta ɗaga labule.

Wata nas ce a sunkuye tana juya tsohuwar, tana shafa mata mai a baya, da irin lallashin da Sista ke yi lokacin tana sabuwar shiga aiki. Kunya ta riga tsoro kama ta.

Nas ɗin ta ɗago. Fuskar Sista ce sak, sai dai babu gajiya a cikinta, idon kuma ba ya ƙiftawa.

"Je ki huta," ta ce da raɗa. "Bar min aikin. In na tashi, ni zan je gida in yi wa 'yarki wanka."

Ta miƙo hannu. Wani sanyi ya zagaye wuyan hannun Sista.

Ta fizge da addu'a a bakinta. Ledar ta fashe a ƙasa. Ta ruga.

Washegari ta tsaya gaban babbar sista, kai a ƙasa, ta faɗi abin da ta daɗe tana ɓoyewa: ta kasa, zuciyarta ta bushe. Aka ba ta hutu, aka haɗa ta da likitan da zai saurare ta.

Kafin ta tafi ta je neman gafarar tsohuwar. Ta durƙusa ta kama hannunta. Baba ta ji ɗumin tafinta, ta janye a hankali.

"Ba ke ba, 'yar nan. Kira min ɗayar. Ita ba ta yi min tsaki."