Kibiya a Hancin Mamaci

Wofa Gyamfi ya tsinci fuskar yayansa a ƙugun mai suyar doya, alhali gawar tana kwance a mutuware ba a ko sa ranar binnewa ba.

A tashar Bantama ne, cikin Kumasi, da hantsi. Matar ta sunkuya tana juya doya a kasko, ga marigayi Agya Frimpong jere reras a zaninta, baƙi da fari, yana murmushi cikin tabarau. Ankon jana'izarsa ne, wanda dangi suka ɓoye zanensa don su fito da shi da kansu su sayar wa masu makoki.

"Ke! Ina kika samo wannan?"

"Kasuwar Kejetia mana, Wofa. Atamfar ta cika ko'ina, araha kamar a ba ka kyauta."

Wofa bai nufi ofishin 'yan sanda ba. Maƙwabta ne suka kira su, da suka ga taro ya toshe ƙofar shagon Maame Pokuaa, matar da ta zana atamfar a kwamfutarta.

Sufeto Dufie ta iso ta tarar da tsohon a tsaye da ƙwai a leda da kwalbar giya a hammata. Ranta ya ɓaci tun daga bakin hanya. Kowa a garin ya san ma'anar ƙwai da giya a hannun mai fushi: za a je kogi a kira sunan mutum a fasa, a ja masa tsinuwa. Wanda abin ya kama cikinsa ya kumbura, kuma ba ya tsayawa a kansa, sai ya bi jinin uwa ɗaki-ɗaki. Dufie ba ta taɓa ganin kogi ya kama ɓarawo ba, amma ta sha ganin ya kashe kasuwar mace tun kafin ƙwan ya bushe.

"Na ba ki amanar ɗan'uwana kin sayar!" Wofa yana ihu yana nuna Pokuaa da kwalba. "Yau zan kira sunanki a bakin ruwa, in kira duk wanda ya sa hannu, da duk wanda ya ci ko sisi a ciki!"

"Wofa, kada ka tsawaita," in ji wani mutum mai ƙiba da ke riƙe masa lema. Kwarteng ke nan, ɗan ƙanwar tsohon kuma magajinsa, mai gidan kallon ƙwallo a saman shagon. "Sunanta kaɗai za ka kira. Ita aka ba aiki, ita za ta amsa."

Pokuaa tana tsaye a bakin ƙofa, 'yarta a goye.

"Shekaru nawa ina zana mamatan garin nan, Wofa? Wa ya taɓa kama ni da sata? Ka kira sunana, gobe wa zai kawo mini gawarsa?"

Dufie ta ratsa taron ta tsaya a gaban tsohon. Gajeriya ce, sai ta ɗaga kai.

"Wofa, kogi ba ya gudu. Ka ba ni kafin rana ta karkata. In ban kawo maka ɓarawon ba, ni zan tare maka mota."

"Madam, kin san da wa kike magana?"

"Da mutumin da ya tare hanyar gwamnati. Zauna."

Ya zauna a benci yana huci, ledar ƙwan a cinya.

Dufie ta aika aka sayo jabun atamfar, ta shimfiɗa a teburin shago. Yadi ne shara-shara, wanki ɗaya ya ishe shi. Ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, sai yatsanta ya tsaya. A ƙofar hancin marigayin akwai wata 'yar farar kibiya. Ta duba na gaba, ga ta. Duk inda fuskar ta fito, kibiyar tana cikin hancinsa.

"Wannan ado ne?"

Pokuaa ta leƙa, ta dafe ƙirji. "Ni zan sa wa mamaci kibiya a hanci? Madam, wannan ai kibiyar kwamfuta ce, wadda ake nuna abu da ita. Ba ta shiga cikin zane. A fuskar kwamfuta kawai take yawo."

"To yaya ta hau atamfa?"

"Sai dai in hoton fuskar kwamfutar aka ɗauka."

Dufie ta naɗe yadin ta tafi unguwar Asafo, wajen Opanin Sarpong mai injin buga atamfa. Shi ne kaɗai aka ba zanen, don haka shi ya fara zuwa a ranta. Da ya ji abin da ya kawo ta, ya yi jifa da tsumman hannunsa.

"Ni? Ni zan buga wannan shara? Zo ki gani!"

Ya yaye tamfol daga kan bandir-bandir na ankon gaskiya. Yadi mai nauyi, baƙin ya zauna daram. Ba kibiya. Dufie ta jera biyun ta ƙura musu ido, sai ta ga abin da ya fi kibiyar. A atamfar Opanin, marigayin ba ya sanye da tabarau.

"An taɓa kawo maka mai tabarau?"

"Ban taɓa ganinsa ba sai yau. Ki tambayi Pokuaa. In kin kama shegen, ki biyo da shi ta nan, ina da magana da shi."

Opanin ya fita daga zargi. Wanda ke da zane mai kyau a hannu ba zai sayar da mai kibiya ba.

A Kejetia ta sha baƙar magana. Anti Konadu, mai teburin da ake sayar da jabun, ta rantse ba ta san mai kayan ba. Murya ce a waya, direban tasi ke sauke bandir ya wuce.

"Muryar namiji ko mace?"

"Namiji. Madam, ki matsa, kin tare mini masu saye."

Rana ta fara zafi lokacin da Dufie ta koma shago. Wofa yana nan a benci, taron ya ragu, Kwarteng ya hau sama don an fara ƙwallo. Ta sa aka shigo da tsohon har da bencinsa, ta rufe ƙofa. A jikin bango akwai ƙaton talabijin na zamani, irin wanda ake tura masa hoto daga kwamfuta ba tare da an jona kebul ba. A nan Pokuaa ke nuna wa dangin mamaci zane su gani su amince.

"Ranar da aka nuna muku, wa ya ɗauki hoto?"

"Babu!" in ji Wofa. "Da hannuna na tattara wayoyi a kwano, na zauna a kansa."

"Haka ne, Maame?"

"Haka ne. Har tawa ya karɓe."

"Duk dangi sun zo?"

"Ban da Kwarteng," in ji Wofa. "Zazzaɓi ya kwantar da shi."

"Tabarau fa? A ina suka tafi?"

Pokuaa ta yi tsaki. "Ranar talabijin ɗin nan ya kunyata ni. Na tura hoton, kwamfuta ta ce ta haɗu, shi kuwa baƙi ƙirin. Na sake, shiru. Ina ta gumi, mutane suka taso suka rufe ni suna leƙen kwamfuta. Sai Eno Birago, ƙanwar marigayin, ta kwarma ihu wai yayanta ba makaho ba ne, a cire tabarau. Nan take na canza hoton, na share wancan. Sannan na ɗauko kebul na jona, shi ne talabijin ya nuna."

"Wato mai tabarau bai taɓa fitowa a talabijin ɗin nan ba."

"Ko sau ɗaya."

"Kuma bai je wajen Opanin ba."

"Bai je ba."

"Amma kwamfuta ta ce ta haɗu."

"Ƙarya ta yi mana."

"Kwamfuta ba ta da dangi a Kejetia, me zai sa ta yi ƙarya? Yi mini yadda kika yi ranar."

Pokuaa ta buɗe kwamfutar ta danna. Sunayen talabijin na maƙwabta suka fito, yawancinsu tarkacen lambobi. Yatsanta ya nufi na farko, inda aka rubuta POKUAA.

"Dakata. Duba ƙasa."

A ƙasa akwai wani POKUAA ɗin. Matar ta ƙura masa ido.

"Talabijin nawa gare ki?"

"Ɗaya."

"Kunna kyamarar kwamfutar. Juya ta wajen Wofa. Yanzu danna na saman."

Fuskar Wofa ta cika kwamfutar, da ledar ƙwansa da kwalbarsa. Kwamfuta ta ce ta haɗu. Talabijin ɗin bango bai ko motsa ba.

Sai rufin ɗakin ya ɗauki ruri. Benci ya faɗi a sama, ƙafafu suna dukan daɓe.

"Kai! Wa ya cire mana ƙwallo?"

"Mayar mana da wasa, Kwarteng!"

Sannan dariya ta ɓarke. "Wofa ne! Ga Wofa a talabijin da ƙwansa!"

Dufie ba ta jira ba. Ta haye matakala, tsohon yana binta yana haki. A gidan kallon, samari sun miƙe tsaye suna nuna bango. Ga shagon Pokuaa nan ɓaro-ɓaro a talabijin, da bencin da Wofa ya tashi daga kai. Kwarteng yana ta matsa rimot da hannu biyu. Dufie ta fizge.

"Kuskure ne, Madam," in ji shi. "Injinan nan haka suke, su kama na maƙwabci. Laifina ne in iska ta kawo hoto?"

"Iska ce ta rubuta sunan Pokuaa a talabijin ɗinka?" Ta shiga cikin saitin ta nuna wa kowa. "Daga kanti da lambobi yake zuwa. Sai mutum ya zauna da rimot ya tsinci harafi ɗaya-ɗaya. Kuma ranar farko sai talabijin ya tambaya ko a bar baƙuwar kwamfuta ta shigo, sai an danna masa i. Wa ya danna? Zazzaɓi?"

"Ni ban..."

"Kawo wayarka."

Ya ƙi. Samarin da aka katse wa ƙwallo suka taya shi shawara da ƙarfi, ya miƙa. Ba ta sha wahalar nema ba. Ga hoton talabijin ɗin nan, Agya Frimpong cikin tabarau, kibiya a hanci.

Dufie ta juya wajen Wofa, ta yi magana yadda har na matakala za su ji.

"Ya san ranar, ya san Wofa zai kwashe wayoyi, sai ya ƙirƙiro zazzaɓi ya zauna a nan. Ya sa wa talabijin ɗinsa sunan nata. Ita tana sauri, dangi sun zuba mata ido, ta danna wanda ta fara gani. Zanen ya hau sama, ya ɗauka da waya, ya kai wa masu buga jabu. Bai san an cire tabarau ba, don ba ya wurin. Kibiyar kuwa haɗama ta hana shi gani. Ko sunan bai goge ba, yana jiran gawa ta gaba."

"Tun yaushe kika zarge shi?" in ji Wofa.

"Tun safe. Wanda aka yi wa sata cewa yake kogi ya kama kowa da kowa. Shi kaɗai na ji yana roƙo a kira suna ɗaya. Wofa, wa ya sayo ƙwan nan?"

Tsohon ya dubi ledar da ke hannunsa. "Shi."

"Da giyar?"

"Shi. Da ragon da ya kawo wa dangi jiya, ashe da kuɗin jabun ne." Ya sunkuyar da kai. "Na ci. Uwarsa ta ci."

Uwar Kwarteng ita ce Eno Birago, cikinsu ɗaya da Wofa. Da ya je kogi ya faɗi abin da ya yi niyya, da ɗakin uwar da ta haife shi ya fasa wa ƙwai.

Dufie ta sa wa Kwarteng ankwa ta turo shi gaba. A ƙasan matakala Pokuaa tana jira, 'yar tana barci a bayanta, jama'a sun sake taruwa. Wofa ya sauko a hankali, ya zame mayafinsa daga kafaɗa alamar ban haƙuri.

"'Yata, a bar maganar nan a cikin gida. Zan aiko dattawa."

"A cikin gida?" Pokuaa ta yi wata dariya mara daɗi. "A titi ka kira ni ɓarauniya, Wofa, a gaban 'yata. Yanzu ga ɓarawo, ga ƙwai, ga giya, rana ba ta faɗi ba. Mu je kogin. Ni zan biya motar. Ka faɗa yadda ka faɗa da safe, duk wanda ya sa hannu, duk wanda ya ci."

Ta ɗaga hannu, tasi ta tsaya. Ta buɗe masa ƙofar baya da kanta.

"Shiga mana, Wofa."

Tsohon ya tsaya da ledar a hannu, idonsa a ƙasa. Direba ya danna ham, ya sake dannawa. Wofa bai ɗaga ƙafa ba.