Rabin Juyin Sifana

Ƙarfe takwas da kwata na safe aka bugo waya ofishin 'yan sanda, aka ce wata mota ta ƙwace a gangaren gada, ta daki ginshiƙin siminti. Kafin Sufeto ya isa, an ciro matar da ke tuƙin, an lulluɓe ta a gefen titi. Malamar firamare ce, shekararta talatin da ɗaya.

Sufeto bai daɗe a kan gawar ba. Ya bi kwalta da ido tun daga saman gangaren.

"Saje, me ka gani?"

"Ban ga komai ba, yallaɓai."

"Abin da ya dame ni ke nan. In mutum ya taka birki a irin wannan gudun, taya kan bar baƙin zane. Nan ko alama babu."

Ya leƙa cikin motar, ya danna fedar birki da hannu. Ta tafi ƙasa ba wata turjiya. Robar man birki ba ta fashe ba, amma a bushe take ƙaf. A aljihun gaban mota Saje ya tsinci takardar wani gareji. Shekaranjiya aka yi wa motar aikin birki.

Mai garejin dattijo ne mai furfura, hannuwansa baƙi ƙirin da man inji. Ya dubi lambar motar ya girgiza kai.

"Ban san ta ba."

"Baba, wannan sa hannun wane ne?"

Dattijon ya zauna a kan wata tsohuwar taya.

"Tsoro ne, yallaɓai. Na riga na ji labarin hatsarin. Ni na yi aikin. Na canza takalman birkin gaba, na daidaita na baya, na fitar da iska a ƙafa huɗun duka. Na cika mai har layi. Na hau ta da kaina, na taka a guje, na taka a hankali, ba ta ja gefe ba. Shekara arba'in ban taɓa sallamar mota ban gwada ba."

"Wanda ya fara da ƙarya, da wuya a sayi rantsuwarsa. Tashi mu je."

A harabar ofis aka ɗaga abin da ya rage na motar. Dattijon ya shiga ƙarƙashi da tocila. Da ya fito, ya nuna wa Sufeto bayan taya.

"Akwai ɗan noti a bayan kowace taya, ta nan muke fitar da iska. An sassauta biyu, ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Rabin juyi kawai."

"Girgizar hanya ba ta kwance shi?"

"Biyu a rana ɗaya? A'a. Kuma wanda ya yi ya san aiki. Da ya kwance gaba ɗaya, tun a gida direba zai ji feda ta mutu. Amma rabin juyi, birki zai kama sau biyar, sau goma. Duk takawa mai na tsiyaya. Sai an zo inda ake buƙatarsa a tarar babu."

Sufeto ya dubi ƙasan garejin dattijon a ranar, bai ga komai ba. A gidan marigayiyar kuwa, inda ake ajiye motar, ga ɗigon mai wuri biyu a kan siminti.

Mijinta manaja ne a wani kamfani. Ya tarbe su a falo da jajayen idanu.

"Motata ce," in ji shi. "Ita ba ta hawanta. Ni ne ma zan fita da ita yau. Ina wanka na ji an tayar da ita."

"Me ya sa ta ɗauka?"

"Ban sani ba."

"Yaya zamanku?"

"Lafiya lau. Ko musu ba ma yi."

Sufeto ya zaro takarda daga aljihu.

"Rahoton likita ne. Haƙarƙari biyu da suka taɓa karyewa suka warke a karkace. Shatin yatsu a wuya, na kwana biyu ko uku. Ginshiƙin gada ba shi da yatsu, Manaja."

Mutumin ya sunkuyar da kai. Ya ce zuciya ce take ɗibarsa wani lokaci. Amma ya rantse bai taɓa motar ba, ko tayar da ta yi faci bai iya canzawa ba.

A bakin ƙofa Sufeto ya tsayar da maigadi.

"Wa ya shigo gidan nan jiya?"

"Babu kowa, ranka ya daɗe."

"Ka san wanda ya ɓoye mai kisa, tare ake ɗaure su?"

Nan take maigadin ya sauya magana.

"Yayanta ne. Ai shi ba baƙo ba ne, shi ya sa ban ƙirga shi ba. Wajen ƙarfe huɗu, maigida na barci. Ya ce zai duba aikin da 'yan gareji suka yi. Ya kwanta ƙarƙashi, bai fi minti biyar ba."

"Me yake yi, shi yayan?"

"Koyar da tuƙi. Da can bakanike ne."

Da rana Saje ya samu ya ɓalle but ɗin motar da ya maƙale. Akwati ne a ciki, cike da kayan sawarta da takardun makaranta, da jakar hannu. Wayarta na cikin jakar. Sufeto ya karanta abin da ke ciki sau biyu, ya ɗauki hularsa.

Sun sami yayan a filin koyon tuƙi, zaune shi kaɗai a cikin motar koyarwa, inji a kashe. Dogo ne, ya haura arba'in.

"Allah ya ji ƙanta," in ji Sufeto.

"Amin."

"Yaushe rabonka da gidanta?"

"Ya kai wata guda."

"Maigadi ya ce jiya."

"Tsufa ne ke damunsa."

Sufeto ya ɗaga wayar, gilashinta a tsage.

"Ƙarfe takwas saura biyar ta turo maka saƙo. Ta ce, 'Yaya, na fito, ga ni nan zuwa wurinka. Na ɗauko motarsa. Ba zan koma ba.' Cikin minti goma ka kira ta sau goma sha ɗaya. Sannan ka rubuta, 'Auta ki tsaya, ki sauka, kar ki taka gangare.' A lokacin ko mu ba mu san birkin ya lalace ba. Kai ta yaya ka sani?"

Yayan ya kafa wa wayar ido.

"Ta gani?"

"Wayar na cikin but."

Ya kifa goshi a kan sitiyari. Kukan da ya fito masa ba irin na manya ba ne. Saje ya kawar da kai.

"Ni na raine ta," ya ce da ya samu numfashi. "Babanmu ya rasu tana goye. Ranar Juma'a ta zo nan da gyale a naɗe a wuya, ana wannan zafi. Na janye, na gani. Na ce ta bar shi, ta ce in yi haƙuri, zai canza. Shekara shida ina jin zai canza. Na san wata rana gawarta za a kawo mini. Mijin na nufa, yallaɓai. Wallahi shi na nufa. Ta gaya mini ko makullin motar ba ya bari ta taɓa."

"Da me ka yi?"

Ya buɗe aljihun mota, ya ciro wata 'yar sifana mai tsawon yatsa, ya ajiye a tafin hannun Sufeto.

"Shi mijin nata fa? Haka zai tafi?"

"Rahoton likita na kan teburina, zai amsa nasa. Amma ba shi ya kwance notin ba."

Saje ya buɗe ƙofa. Yayan ya fito, ya miƙa hannuwa da kansa aka sa masa ankwa. Sun kusa kai wa motar 'yan sanda sai ya ja ya tsaya.

"Yallaɓai, mahaifiyarmu na da ciwon zuciya. Mu biyu kaɗai gare ta. Don Allah kada a gaya mata ni ne."

Sufeto ya buɗe ƙofar motar.

"Yau ba zan gaya mata ba," ya ce. "Ranar kotu kuma ba a hannuna take ba. Shiga."