Ranakun da Yake Ɓoye Mata

A ɗakin awon jini ta fara ganinsa. Likitan dabbobi ne, ya dawo daga aiki a bakin kogi, ƙudan tsando ya yi masa kaca-kaca da wuya. Tana neman jijiya yana kallonta, har ta manta inda ta ajiye auduga.

"Ba komai a jininka," ta ce masa washegari.

"To zan dawo a sake dubawa, 'Yar Allura."

Ya yi ta dawowa kuwa, har soyayya ta kama su. Sai dai namiji da son a gan shi garau. Duk ranar da zazzaɓi ya kayar da shi, sai ya kulle ɗaki ya turo saƙo: "Aiki ya riƙe ni, Zuciyata. Ina nan tafe." Sai ya warware yake zuwa yana ƙamshin turare, awo ya fito fes.

Ranar da ya je gaida mahaifinta, barci ya kwashe shi ana tsakiyar magana.

"Ɗan ƙwaya za ki kawo mini?" in ji Baba. "Ga ɗan aminina mai kantin magani, idonsa biyu."

Ta ci kuka ta ƙoshi, sannan ta nufi gidansa ba sanarwa don ta ji ta bakinsa. Ta tarar da shi yana rawar ɗari, bayan wuyansa duk kaluluwa. Nan take ta ɗebi jininsa ta koma wurin aiki. A madubin awo ga ƙwayoyin ciwon barci suna wutsil-wutsil.

"Garkuwar jikinka ke kashe su, shi ne kake jin sauƙi," ta ce masa a gadon asibiti. "Sai ragowar su sauya riga, ta kasa gane su, su sake yaɗuwa. Ranar da suka yi yawa ya kamata in gan ka, ita kuma kake ɓoye mini."

"Ban so ki gan ni a haka ba."

Ashe cutar ta riga ta kai ƙwaƙwalwa. Magani ya kashe ta, amma ta bar masa rawar hannu da mantuwa, dole ya ajiye aiki. Baba ya zo dubiya, kunya ta hana shi haɗa ido da kowa.

"Har yanzu kina son sa?"

"Har yanzu, Baba."

"Allah ya ba ku haƙuri da juna, ya yi muku albarka."

Aka ɗaura aure ba hayaniya. Wani lokaci tana aske masa gemu, sai ya kama hannunta a tsorace.

"Baba ya yarda kuwa?"

Takan juya ta share ido tukuna.

"Ya yarda, mijina."