Doguwar Bindiga a Matsattsiyar Matakala

Garam! Ƙofar ƙarfe ta rufe a bayansu. Mai shagon wayoyin ya sulale waje ya danna kwaɗo, ya bar 'yan fashin su uku a matakalar bene da rana tsaka.

Tsoro ya kama Soja, ba don kansa ba, don ƙaninsa Auta da shi ya jawo cikin wannan harka. Jiya-jiyan nan Soja ya gaya wa Oga, shugabansu, su ɗauki gajerun bindigogi, don matakalar ko mutum biyu ba sa iya giftawa a cikinta. Amma Oga mutum ne mai son a gan shi.

"Doguwa ita ke sa mutum fitsari a wando," in ji shi. "Kai da aka kora daga bariki za ka koya min aiki?"

To, ga doguwar, ga matakala. Jiniyar 'yan sanda ta cika titi.

"Yaya, ya za mu yi?" Auta ya tambaya daga ƙasa.

"Tsaya inda kake. Oga, sauke bakinta ƙasa kafin ka juya."

Ina, Oga bai ji ba. Ya juyo a firgice, gindin bindigar ya daki bango, bakinta ya maƙale a ƙarfen dafawa. Ya fizga da ƙarfi — tau!

Auta ya zauna a hankali, dafe da ciki.

"Tsautsayi ne, mutumina," Oga ya ce. Ya yar da bindigar da yake taƙama da ita, ya haye sama, ya kutsa ta tagar banɗaki ya dira bayan gini. Ko waiwaye bai yi ba.

Tagar na nan a buɗe, kuma za ta ɗauki Soja. Ya dube ta, ya dubi jinin da ke bin matakala. Sai ya sauka ya rungumo ƙaninsa, ya shiga dukan ƙofa da ƙafa.

"Ku buɗe, mun ajiye makamai. Akwai mai rauni, ku taimaka da mota!"

'Yan sanda suka tsaya shawara, suna tsoron tarko ne. Kafin a sare kwaɗon, jikin Auta ya saki.

Da suka zo sa wa Soja ankwa, sai da mutum biyu suka ɓamɓare hannunsa daga rigar gawar. Abu ɗaya ya roƙa, kada a gaya wa mahaifiyarsu ta waya.