Sunan da Ke Jikin Jaka

Motar da ta taso daga Ajingi zuwa Gaya ta cika maƙil, har da buhunan gyaɗa a ƙarƙashin kujeru. Rumaisa ta samu gefen taga, ta ɗora jakar saƙa a cinya, ta ciro kwarashi da zaren ulu, ta ci gaba da hular jaririn da ta fara tun a gida.

Sai da aka yi nisa ta lura saurayin da ke kujerar gefe yana ɗaga kai ya dubi hannunta, ya sake sunkuyawa kan wani littafi da fensir.

"Malam, me kake rubutawa?"

"Zane ne. Ki yi haƙuri, ban nemi izini ba."

Ya juyo mata da littafin. Hannuwanta ne, da kwarashin a tsakanin yatsu, har da zaren da ya nannaɗe ɗan alinta. Babu fuska.

"Mahaifina ya ce in zana duk abin da nake so, ban da fuskar mutum," in ji shi. "Sunana Zulkiflu Kolo. Ina koyarwa a firamare a Gaya, zanen kuma a gida nake yi."

Kafin su sauka ya ce yayarsa ta haihu, yana son a saƙa wa jaririyar bargo. Ta ba shi lambar wayar sana'arsu. Ya dubi jakar, ya yi murmushi, ya rubuta wani abu a gefen lambar.

Jakar ta yayarta ce, Kamila. Su biyu suke saƙa a gidan mahaifinsu Malam Haruna a Toranke, kuma Kamila ta saƙa sunanta da jan zare a jikin jakar. Aro Rumaisa ta yi ranar.

Da la'asar saƙo ya shigo.

"Assalamu alaikum Kamila. Zulkiflu ne, ɓarawon hannu na cikin mota. Ga zanen furen da nake so a jikin bargon. In ya yi wahala ki faɗa mini in rage ganyen."

Rumaisa ta yi dariya har Inna Hure, mahaifiyarsu, ta leƙo. Ta ce a ranta gobe za ta gyara masa sunan. Ta amsa: "Wa alaikumus salam Mai Fensir. Ganyen bai yi yawa ba, amma zare ba ya lanƙwasa kamar fensir. Ka zana shi gida-gida yadda zan iya ƙirga ɗauri."

Haka aka fara. Shi ya zana fure a takarda mai layi-layi, ita ta mayar da shi saƙa ta turo masa hoto. Daga fure aka koma ganyen gyaɗa, daga nan aka koma "Kin ci abinci?" Wayar sana'ar a hannun Rumaisa take kwana, don Kamila ba ta son surutun kwastoma, tana da tata ƙarama.

Goben da za ta gyara sunan bai zo ba. Sati ɗaya ya zama wata ɗaya. Kullum ta ɗauki waya za ta rubuta, sai ta ji kunya, ta ce ai zai ɗauka da gangan ta yaudare shi.

"Kamilata, tauraruwar Toranke," ya rubuto wata safiya, "yau na zana wa yara taswira a allo, sai na ga na sa mata gefe irin na bargonki."

Ta karanta sau biyar. Daɗi ya kama ta, sai dai sunan ba nata ba ne.

Ranar da bargon ya kammala zazzaɓi ya kwantar da ita. Kamila ce ta kai shi Gaya. Da yamma ta dawo tana yabon mutanen gidan: mahaifiyarsa Hajiya Kubura ta zaunar da ita, ta ba ta fura, ta tambaye ta sunan iyaye da kakanni.

"Yaya, shi kin gan shi?" Rumaisa ta tambaya daga kwance.

"Wa? Oho. Akwai dai wani saurayi a ƙofar gida da ya yi mini iso. Ban sani ba ko shi ne."

Ba a jima ba saƙo ya shigo.

"Hasken idona, Umma ta ce tun da ta gan ki hankalinta ya kwanta. Ni ma yau na tabbatar da abin da ke zuciyata. Zan turo manya."

Rumaisa ta ajiye wayar. Yau ya tabbatar. Yau ɗin da ita tana kwance a Toranke. To wa ya gani? In shi ne saurayin ƙofar gida, ai ya ga fuskar da ba tata ba, kuma ya ce ya tabbatar. Kamila ta fi ta haske, ta fi ta iya magana. In kuma ba shi ba ne, me ya sa bai ce ya yi rashin ganinta ba? Ta rubuta amsa ta goge, ta sake rubutawa ta goge. Ƙarshe ta tura: "Allah ya zaɓa mafi alheri."

A gidan Malam Haruna saurayi ba ya zuwa zance sai manyansa sun nemi izini. Ranar Juma'a baffannin Zulkiflu biyu suka zo da goro, suka nema wa ɗansu izinin zance da Kamila. Malam Haruna ya yi bincike, ya ji alheri, ya amince.

Kamila ta shigo ɗaki idonta jajir.

"Rumaisa, ni ban san mutumin nan ba. Bargo kawai na kai. Kin san Sharfaddeen nake jira ya gama karatu. Daga kai saƙo sai a ce aure?"

Rumaisa ta ɗauki kwarashinta. Ta ci gaba da saƙa, tana ɓata ɗauri tana warwarewa.

Ranar Lahadi bayan la'asar aka yi sallama. Inna Hure ta sa Kamila ta yafa mayafi ta fita zaure. Rumaisa ta tsaya a bayan ƙofa, ta kasa kunne.

Ta ji Zulkiflu ya gaishe da Kamila cikin ladabi. Can ya ce, "Ko za ki taimaka ki yi mini magana da Kamila?"

"Ni ce Kamila."

"A'a, ina nufin mai saƙa."

"Ni ma ina saƙa."

"Wadda muka haɗu a motar Gaya. Siririya, baƙa, tana da ɗan tabo a babban yatsa."

Sannan Kamila ta ce a hankali, "Innalillahi. Rumaisa."

Malam Haruna bai ɗaga murya ba da labari ya kai masa. Ya dai sa aka mayar da goron Gaya.

"Mutumin da bai san sunan wadda yake nema ba," ya ce wa Inna Hure, "ba zan ba shi ko ɗaya ba. An mayar da ni abin dariya a gaban baƙi."

Kafin sati ya zagayo, Muzammil, ɗan ƙanwar Malam Haruna mai shagon waya a Ajingi, wanda ya daɗe yana zagaye gidan, ya aiko yana son Rumaisa. Malam Haruna ya ce zai yi tunani.

Daga Gaya kuwa saƙo ɗaya ne ya zo.

"Wata huɗu ina kiran sunan da ba naki ba, har a addu'a. Ranar da aka kawo bargo ina makaranta, ƙanina ne ya yi iso. Ban san me zan kira ki ba yanzu. Ban ma san ko ke ce mai rubuto mini duk maganganun nan ba."

Rumaisa ta yi kuka har zaren da ke cinyarta ya jiƙe. Kamila ta zauna kusa da ita, ta karɓi wayar, ta karanta saƙonnin tun daga na farko.

"Na ji haushinki," ta ce. "Kin bar ni na fita zaure kamar sakarai. Amma tashi, mu je wajen Baba. Ke za ki yi magana, ni zan tsaya."

Suka same shi a tsakar gida yana gyara ƙotar fartanya. Rumaisa ta durƙusa.

"Baba, ba laifinsa ba ne. Jakar Yaya na ara, ya ga suna a jiki. Na san ya yi kuskure tun ranar farko, na ƙi gyara masa. Da farko wasa na ɗauka, daga baya na ji kunya, daga baya kuma na rasa gane ko ni yake so ko Yaya."

"Kuma ke kina son sa?"

Ta sunkuyar da kai. Kamila ta ce, "Baba, tun da aka mayar da goron nan ba ta gama ko safa ɗaya ba."

Malam Haruna ya ajiye fartanyar. "Shi za ki fara bai wa haƙuri. In ya haƙura, manyansa su dawo. Muzammil zan ba shi amsa da kaina."

Rumaisa ta kira shi da wayar Inna, ba saƙo ba.

"Sunana Rumaisa. Ni ce ta cikin mota, ni ce mai rubuto maka, duka ni ce. Ka yafe mini."

Ta ji numfashinsa a wayar.

"Rumaisa," ya ce, kamar yana gwada sunan a bakinsa. "Na kwana uku ina neman in yi fushi da ke, na kasa. Abu ɗaya nake roƙo: duk abin da ya rikita miki, ki tambaye ni. Ko da kunya."

"Zan tambaya, Mai Fensir."

Bayan an kwashe amfanin gona aka ɗaura aure a Toranke, rana ɗaya da baikon Kamila da Sharfaddeen. Muzammil ma ya zo, ya taya rabon goro. Da za a fita da amarya, Malam Haruna ya sa aka tsayar da ita a zaure. Ya ɗora hannu a kanta, ya ce:

"Kin yi kuskure, kin zo kin faɗa da bakinki. Haka nake so ki zauna da mijinki. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka."

Mata suka amsa da amin. Hajiya Kubura da ta zo ɗaukar amarya ta kama hannun Rumaisa ta riƙe gam, ba ta sake shi ba har suka shiga Gaya.