Ranar da Bakina Ya Ƙi Cewa To

"Ba za ni awon nan ba!" na ce, na juya wa mijina baya.

"Haba Zumata, yau fa Talata..."

"Kai ba tela ba ne? Ba awo kake yi wa mutane kullum ba? Ɗauko tef ɗinka ka auna ni, mu huta!"

Ya yi dariya har sai da ya dafe keken ɗinki. Ya kuwa ɗauko tef ɗin, ya zagaya cikina da shi, ya murtuke fuska kamar likita.

"Inci arba'in da ɗaya. Dogon hannu za a yi wa yaron ko gajere?"

Na so in yi dariya, sai hawaye suka riga ta fitowa.

Ni dai tun ina ƙarama kaina ba ya kama abu da sauri. Sai an faɗa mini sau uku, a hankali. Rubutu kuwa in na kalle shi, sai in ga kamar tururuwa na kai da kawo. Da na lura mutane na gajiya da maimaita mini, sai na samo dabara: duk abin da aka ce, in ce "to". Kowa ya huta.

A asibiti ma haka. Ciki nawa, amma tambaya ta Yaya, wadda ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu.

"Tana cin abinci? Tana shan maganinta?"

Ina kwance a gabansu fa, da kunnena biyu!

Ranar awon baya, a hanyar gida, Yaya ta riƙe hannuna ta ce, "Auta, in kin haihu ni zan ɗauki jaririn in riƙe. Ke ba za ki iya ba. Kin ji?"

Na ce, "To."

Wannan "to" ɗin ce ta tsaya mini a maƙogwaro sati biyu. Da na faɗa wa Telana, ya durƙusa a gabana ya ce, "Rabin raina, ɗan nan namu ne. Tashi mu je, yau da ni za a yi."

Muka tarar da Yaya ta riga mu zuwa, ta kama mana benci. Aka shigar da mu wajen wata sabuwar ungozoma mai tabarau. Ta gwada jinina, ta zuba bayani kamar famfo ya fashe, sannan ta dube ni. Ni fa, ba Yaya ba!

"Kin gane?"

"To."

"Me na ce?"

Babu wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar.

"Kin ce... to?"

Yaya ta yi caraf: "Bari kawai, Malama, ni ake yi wa bayani."

"Madalla. Ke me na ce?"

Yaya ta hau gyaran mayafi. Mai tabarau ta juya kan mijina. "Maigida fa?"

"Kin ce... a riƙa ba ta nama?"

"Wannan kai ka ce!"

Ashe duk ɗakin babu wanda ya gane, ni kaɗai ake yi wa gori! Na yi dariya har yaron ya harbe ni.

Mai tabarau ta jawo kujera kusa da ni. "Laifina ne, na cika sauri. Abu ɗaya za mu koya yau. Kin san yadda ɗanki yake motsi?"

"Na sani! Da safe ya fi rashin ji."

"To in ya yi shiru, ba kamar yadda kika saba ba, ki zo nan take. Ko wa ya ce ki bari, kar ki bari. Me na ce?"

Na maimaita tsaf, babu gyara.

Telana ya ba ni kwalba da maɓallan riga. Duk harbi ɗaya, maɓalli ɗaya. Kafin in gama karin kumallo gindin kwalba ya rufe. Kowace Talata kuma mai tabarau ta ba ni 'yar tsana, muna koyon ɗauka da wanka. Na kayar da ita sau biyu. Mijina sau huɗu, kuma ya ce tsanar ce mai santsi.

Wata safiya, cikina na wata tara, rana ta ɗaga amma maɓalli biyu ne kacal a kwalba. Mijina yana shago, Yaya ce a gidan.

"Barci yake yi," in ji ta. "Ke komai sai kin tayar da hankalin mutane. Kwanta ki huta. Kin ji?"

Bakina ya riga ya zagaye zai ce "to". Na kalli kwalbar. Tsoro ya kama ni.

"A'a!"

Yaya ta waiga, ko wani ne ya shigo.

"A'a, Yaya! Asibiti za ni, ko da ƙafa!"

Muka tafi, takalmina ɗaya nawa ɗaya na mijina.

Mai tabarau ta saurari cikin, fuskarta ta canza. "Ya gaji, yanzu za a fito da shi. Kin kyauta da kika zo."

Kafin la'asar ya iso duniya da kukansa. Telana ya shigo a guje, allura a maƙale a rigarsa, yana kuka ya fi jaririn. Ya zaro tef.

"Kar ka soma!" in ji mai tabarau.

Ta dubi Yaya ta ce, "Da an kai gobe, da wani zancen ake yi. Uwarsa ce ta cece shi."

Yaya ta matso, idonta jajir, ta miƙo hannu. Na ƙanƙame ɗana.

"Ba tafiya zan yi da shi ba, Auta. Ara mini kawai."

Na miƙa mata. Ta karɓa a karkace.

"Tallafi kansa, Yaya. Wuyansa bai yi ƙwari ba. Kin ji?"

Ta share hawaye da kafaɗa. "To."

Na gyara kwanciya, na dube ta sosai.

"Me na ce?"