Saura Katin Intanet

Da safen ranar da Auta zai rasu, ya ce wa uwarsa ya gama sa wa kwamfutarsa sabon tsari, irin na kyauta, saura katin da ke cikinta mai haɗa ta da intanet, shi ne ya ƙi kamawa. "Da na dawo zan ƙarasa, Inna." Mota ta buge shi a hanya.

Hotunansa duk suna intanet, ko ɗaya ba ta da shi a hannu, ga shi fuskarsa ta fara ɓace mata. Masu gyara biyu sun gwada haɗa kwamfutar da intanet sun kasa.

Wata rana bayan magariba aka yi sallama ƙasa-ƙasa. Wani mutum ne, ya ja hula har ido, ya ce gyara ya zo yi. Bai tambayi inda ɗakin Auta yake ba, ya wuce kai tsaye. Kujerar nan mai karyayyar ƙafa, wadda ta kayar da masu gyaran, a gefenta na hagu ya zauna, ko motsi ba ta yi ba. Ɗakin ya ɗauki sanyi da ƙanshin kafur.

Yana ta rubuta fararen haruffa a baƙin allo, amma ba ta jin ƙarar yatsunsa. Can ya zare wayar intanet ɗin, ya hura bakinta sau biyu, ya goga a kafaɗar rigarsa, kamar yadda Auta ya saba, ya mayar da ita.

"Kai, ni ke wankin rigar nan fa!" Bakinta ya riga tunaninta.

Ƙaramar fitilar da ke jikin ramin wayar ta koma koriya. Bai juyo ba.

"Yi haƙuri, Inna," ya ce. "Na daɗe a hanya."